Faifai ne ko garmaho? Yadda za ka gano abin da ke sa waƙa tangaɗi

Idan mai garmaho ya ji amon fiyano yana tangaɗi, yana hawa yana sauka, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne na'urar ta gaji. Sai ya sayi sabon bel, ya zuba wa boris mai, wani ma ya canza na'urar ɗungurungum, amma da ya mayar da faifan nan sai tangaɗin ya dawo yadda yake. Dalili kuwa shi ne kunne ba ruwansa da gudun faranti, wato abin da faifai ke zama a kai yana juyawa. Abin da yake ji shi ne gudun tsagin faifai a daidai inda bakin allura yake. Faranti na iya juyawa daidai wa daida, juyi 33⅓ a minti, amma idan hudar faifan ta kauce daga tsakiya, ko faifan ya banƙare, gudun tsagi a ƙarƙashin allura ba zai zauna wuri ɗaya ba. Saboda haka aikin duka shi ne raba laifin na'ura da laifin faifai, kuma a bi shi daki-daki kafin a taɓa aljihu.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: agogon waya, fensir, ɗan tef na takarda, rula mai milimita, ƙaramin filam irin na magina, sikelin auna nauyin allura, da fitila mai haske sosai. In da hali, a haɗa da faifan gwaji mai ɗauke da amon 3150 Hz (wato bugu 3150 a daƙiƙa).

Mataki na 1: Saurara, ka ƙirga

Kada ka yi gwajin da waƙa mai yawan ganga da tsalle-tsalle, domin tana ɓoye aibi. Nemi wurin da aka ja amo ɗaya ya daɗe, kamar fiyano da aka bari yana mutuwa a hankali, ko sarewa, ko muryar mawaƙi da ya riƙe harafi.

Rashin daidaiton gudu iri biyu ne. Akwai mai tafiya a hankali, wanda kunne ke iya binsa yana hawa yana sauka. Shi nake kira tangaɗi. Akwai kuma mai sauri, wanda ba ka iya ƙirga shi, sai dai ka ji amon ya yi kaushi yana karkarwa. A takardar bayanin na'ura, su biyun ne ake haɗawa a rubuta wow and flutter da wani adadi a gabansa.

Yanzu riƙe wannan lissafi, don shi ne mabuɗin komai. Babban faifai mai juyi 33⅓ yana kammala zagaye ɗaya a daƙiƙa 1.8. Mai juyi 45 yana kammalawa a daƙiƙa 1.33. Liƙa ɗan tef a gefen faranti, ka zuba masa ido kana sauraro. Idan amon yana hawa ya sauka sau ɗaya duk lokacin da tef ɗin ya zagayo, to matsalar tana ɗaure da juyi: ko faifan, ko farantin da ƙusarsa ta tsakiya. Idan kuwa tangaɗin ba ya tafiya da zagayen, yana zuwa yadda ya ga dama ko da wani lissafi nasa daban, ka fi zargin bel, moto, ko kuma ainihin ɗaukar waƙar. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi. Yawancin tsofaffin faifai daga tef na ɗaukar sauti aka yanko su, kuma in na'urar tef ɗin ta yi tangaɗi ranar, ya shiga faifan har abada. Saurari waƙar a CD ko a intanet. In ka ji shi a can ma, ka huta da bincike.

Mataki na 2: Wanke na'urar daga zargi

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ɗora filam a kan faranti, gaba da baya, hagu da dama, ka tabbata a miƙe yake. Sa faifai, sauke allura, ka ƙirga zagayen tef ɗin nan da agogo: zagaye 100 ya kamata su ɗauki minti 3 cif. Da allura a ƙasa za ka ƙirga, domin a haka ake jin waƙa.

In kana amfani da takardar nan mai zane-zane a da'ira da ake dubawa a ƙarƙashin fitila, wadda zanenta ke zama kamar ya tsaya cak in gudu daidai yake, lura da layin da ya dace da wutar da kake kai. Na wutar 50 Hz yana da zane 180 don juyi 33⅓, na 60 Hz yana da 216. Wasu fitilun LED ba sa ƙyaftawa da bugun wuta, don haka zanen ba zai taɓa tsayawa a ƙarƙashinsu ba, sai ka ɗauka na'urar ce. Manhajojin waya da ake ɗorawa a kan faranti suna ba da kimanin gudu, amma nauyin wayar a gefe ɗaya yana iya karkatar da sakamako, musamman a ƙaramar na'ura.

Daga nan cire faifan, ka duƙa idonka ya yi daidai da gefen faranti, ka ga ko yana hawa da sauka, ko ƙusar tsakiya tana lilo. Duba bel: in ya saki, ko ya yi santsi, ko ya yi ƙwanƙwasa a inda ya daɗe a naɗe da kan moto, canza shi. Idan duk wannan lafiya lau, kuma faifai uku ko huɗu suna fita sumul amma ɗaya yana tangaɗi, magana ta koma kan faifai.

Mataki na 3: Hudar da ta kauce daga tsakiya

A nan gizo ke saƙar, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa.

Faifai ba sassaƙa shi ake yi ɗaya bayan ɗaya ba. Ana yanka waƙar a kan faifan asali, a fitar da hatimin ƙarfe na nikel daga jikinsa, a huda tsakiyar hatimin, sannan a ɗaura hatimi biyu a injin matsi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su matse curin robar PVC mai zafi. In aka kuskure wajen huda hatimi ko wajen ɗaura shi, duk faifan da ya fito daga wannan hatimi zai fito da tsaginsa a karkace daga huda. Kuma tunda hatimi biyu ne, fuska ta ɗaya na iya fita daidai, ta biyu ta kauce. Kowace fuska da nata gwajin.

Ga yadda abin ke shafar gudu. Faranti yana juyawa da gudu ɗaya, amma tsawon tsagin da ke wucewa ƙarƙashin allura a daƙiƙa ya dogara da nisan allurar daga ƙusa. In tsagin ya kauce, a rabin zagaye allura tana ɗan nesa da inda ya kamata, tsagin ya wuce da sauri, amo ya hau. A ɗaya rabin tana kusa, tsagin ya rage gudu, amo ya sauka. Lissafin mai sauƙi ne: raba girman kaucewar da nisan allura daga tsakiya.

Waƙa a babban faifai tana farawa wajen milimita 146 daga tsakiya, ta ƙare wajen milimita 60. Ƙa'idar IEC, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, ta yarda da kaucewa har milimita 0.2. Ko a wannan halattaccen kuskure, amo yana hawa da sauka da kashi 0.14 cikin 100 a farkon faifai, ya kai kashi 0.33 a ƙarshensa. In kaucewar ta kai milimita 1, abin da ba baƙo ba ne a faifan da aka yi da gaggawa, sai ya zama kashi 0.7 a waje, kusan kashi 1.7 a ciki. Tazarar da ke tsakanin maɓallai biyu maƙwabta a fiyano kusan kashi 6 ce cikin 100. Ke nan a waƙar ƙarshe, daga ƙololuwar hawan zuwa ƙasan saukar, amon ya ci fiye da rabin wannan tazara. Ko wanda bai san kiɗa ba zai ji wani abu ba daidai ba.

Wannan ne ya ba ka alama ta biyu: tangaɗin kaucewar huda yana ƙaruwa yayin da allura ke shiga ciki. Waƙar farko ta wuce lami lafiya, ta ƙarshe ta zama abin tausayi. Matsalar bel ba ta san waje da ciki ba.

Kwatanta da abin da masu ƙera na'ura ke rubutawa. Technics SL-1200MK2, wadda ta fito a 1979, an rubuta mata wow and flutter na kashi 0.025 cikin 100. Gaskiya ne ba a kan mizani ɗaya ake auna su ba, domin adadin kamfani matsakaici ne, kuma ana ba wa sauyin da ke kusa da 4 Hz nauyi fiye da sauran saboda a nan kunne ya fi tsarguwa, alhali tangaɗin huda yana can ƙasa wajen 0.55 Hz. Duk da haka ratar tana da faɗi ƙwarai. A ganina, wanda ke da na'ura mai lafiya kuma yake mafarkin wata mai ninkin kuɗi don kawai adadin nan ya ragu, zai fi cin riba in ya koyi daidaita faifansa.

Yadda za ka auna. Sauke allura, ka tsaya daidai saman kan allurar, ka riƙe rula kusa da shi ba tare da ta taɓa komai ba. Kan zai riƙa lilo hagu da dama sau ɗaya a kowane zagaye. Faɗin lilon ninki biyu ne na kaucewar: in ya yi milimita 1, kaucewar rabin milimita ce. Wurin da ya fi kyau a duba shi ne rufaffen tsagin ƙarshe kusa da takardar tsakiya, domin shi cikakkiyar da'ira ce, ba ya matsawa ciki. Na'urar da ke ɗage hannun da ke riƙe da allura da kanta ba za ta bar ka ka kai can ba. Sai ka duba a waƙar ƙarshe.

Kafin ka yanke hukunci, yi wannan gwaji. Lura da inda rubutun takardar tsakiya ke fuskanta lokacin da hannu ya fi fita waje, ka kuma lura da inda tef ɗin faranti yake. Tsayar da faranti, ɗaga faifan, juya shi rabin zagaye, ka mayar. In lilon ya bi rubutun faifai, laifin faifai ne. In ya bi tef ɗin faranti, ƙusar ce ta lanƙwashe. In kuwa duk ɗorawa da irin lilon da take bayarwa, hudar ce ta yi wa ƙusa yawa. Faɗin huda a ƙa'ida milimita 7.24 ne, kuma ƙusoshin na'urori sun ɗan bambanta.

Yadda za ka gyara. In akwai ɗan sarari tsakanin huda da ƙusa, ka yi sa'a. Jira daidai lokacin da hannu ya kai ƙarshen fitarsa waje, ka ɗaga allura, ka tsayar da faranti a wurin. Daga gefen da allurar take, tura bakin faifan zuwa wajen ƙusa da rabin faɗin lilon. Sake gwadawa. Sau biyu ko uku yakan isa. Sai ka ɗora mataushi, wato abin danne faifai a tsakiya, a kai don kada ya goce, ka yi ɗan ɗigo da fensir a takardar tsakiya don gobe ka san ɓangaren da ake turawa.

In babu sarari, wasu sukan faɗaɗa hudar da siririn zarto mai zagaye, a ɓangaren da ke fuskantar allura lokacin da ta fi fita waje. Yana aiki, amma ba a mayar da abin da aka kankare. Faifan zai buƙaci daidaitawa duk ɗorawa, darajarsa ta faɗi a wurin masu tarawa, kuma gyaran fuska ɗaya na iya ɓata ɗayar. Faifai mai wuyar samu, a bar shi yadda yake. Sabo kuwa da ka saya jiya, mayar da shi ya fi, ko da yake ka sani na canjin yana iya fitowa daga hatimi ɗaya da shi.

Masu ƙera na'ura sun daɗe da sanin wannan ciwo. A farkon shekarun 1980 kamfanin Nakamichi na Japan ya fitar da TX-1000, daga baya Dragon CT. Suna da wani ƙaramin hannu na biyu da ke shiga tsagin ƙarshe ya auna kaucewa, sannan a gusar da saman farantin har tsagin ya zauna a tsakiya. Abin da kake yi da yatsa da rula, shi suke yi da moto.

Ƙananan faifai masu juyi 45 da babbar huda ta milimita 38 suna da tasu rigimar. Abin cike hudar in na roba ne mai araha da ya saki, shi kaɗai ya isa ya kawo tangaɗi, kuma tunda dukan waƙar tana kusa da tsakiya, ɗan kuskure yana fitowa fili. Nemi na ƙarfe da ke shiga cif.

Mataki na 4: Banƙarewa

Duƙa ka kalli gefen faifan yana juyawa, fitila a bayansa. Za ka ga ɗaya daga cikin uku. Akwai doguwar igiya mai laushi, hannu ya hau a hankali ya sauka sau ɗaya ko biyu a zagaye. Akwai gajeren tudu mai kaifi, galibi a baki, wanda ke wurga allura sama. Akwai kuma wanda ya zama kwano: a fuska ɗaya tsakiya ta zauna baki ya tashi, a ɗayar baki ya zauna tsakiya ta tashi.

Mutane sun san banƙarewa na sa allura tsalle. Abin da ba a cika sani ba shi ne tana taɓa gudu ko da allurar ba ta bar tsagi ba, ta hanya biyu. Ta farko, mahaɗin da hannu ke hawa da sauka a kansa yawanci yana sama da fuskar faifai, don haka in allura ta hau tudu ba miƙe take hawa ba, tana ɗan gusawa gaba, in ta sauko ta dawo baya. Wannan gaba da baya a kan tsagi sauyin gudu ne. Ta biyu, siririn tsinken da ke riƙe da bakin allura a karkace yake, kusan digiri 20, a kan ɗan matashin roba. In tudu ya danno shi ya lotsa, bakin ya zame gaba. In ya saki, ya dawo. Gajeren tudu ya fi doguwar igiya illa nesa ba kusa ba, domin da ƙarfi yake bugun tsinken.

Daga nan sai batun dacewar hannu da kan allura. Nauyin hannu da laushin matashin roban nan, in suka haɗu, suna da wani bugu da suke son yin rawa a kai. Ana so ya faɗa tsakanin 8 da 12 Hz: sama da bugun banƙarewa, wanda yawancinsa ke ƙasa da 6 Hz, kuma ƙasa da inda kiɗa ke farawa wajen 20 Hz. Lissafinsa: haɗa nauyin aikin hannu da na kan allura da na kusoshi a giram, ninka da adadin laushin da kamfani ya rubuta, ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, ka raba 159 da shi. Misali nauyi giram 20 da laushi 15 sun ba da 300, tushensa 17.3, amsa wajen 9 Hz. Lafiya. Amma hannun nan ɗaya da kai mai laushi 30 zai sauko wajen 6.5 Hz, bakin gidan banƙarewa. A nan ɗan tudu kaɗan sai ya sa kan ya kama ɓari, amo ya yi ta karkarwa bayan tudun ma ya wuce. A lura, kamfanonin Japan da yawa a 100 Hz suke auna laushi, alhali lissafin yana son na 10 Hz, don haka sai an ninka adadinsu da kamar ɗaya da rabi zuwa biyu.

Shi ya sa faifai ɗaya zai yi ta hauka a na'urar wani, ya tafi salin-alin a ta maƙwabcinsa.

Cire murfin gaban sifika ka kalli babbar da'irar da ke fitar da amo mai kauri. In tana shiga tana fita kamar ƙirjin wanda ya sha gudu alhali ba ka jin amon da ya kai haka, banƙarewa ce ke tura ta. Tsarin RIAA (ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka) da aka daidaita a kai tun 1954 yana rage amo mai kauri lokacin yanka, sannan amfilifaya ta ƙara shi da kusan 20 dB (ma'aunin ƙarfin amo) lokacin saurare, sai ta haɗa da motsin tudu ta ƙara. Wannan yana cinye ƙarfin amfilifaya, yana dagula amon da ke fita daga sifikar, kuma sifika mai ƙofar iska ta fi shan wahala domin a can ƙasa babu abin da ke riƙe ta. In amfilifayarka tana da matatar da ke yanke abin da ke ƙasa da 20 Hz, kunna ta. Sai dai ka sani sifika kawai take ceta. Tangaɗin ya riga ya faru a bakin allura. Faifan da ba sitiriyo ba kuwa, danna maɓallin mono, domin motsin sama da ƙasa yana soke kansa in aka haɗa hagu da dama.

Magani ya danganta da irin banƙarewar. Kwano yana jin mataushi a fuskar da tsakiya ta tashi. A ɗaya fuskar, inda baki ya tashi, mataushin tsakiya ba ya kai wa can, sai zoben ƙarfe da ake ɗorawa a baki, in farantin zai ɗauka. Na'ura mai rataye a kan sifirin ko mai ƙaramin moto, kada a ɗora mata nauyi. Mataushi mai kama ƙusa ya fi mata. Gajeren tudu a baki ba ya jin ko ɗaya. Ƙara nauyin allura zuwa saman abin da kamfani ya yarda yana iya hana tsalle, kada dai a wuce.

Akwai injinan miƙar da faifai, masu ɗumama shi a hankali na sa'o'i su bar shi ya huce a matse. Suna taimakon doguwar igiya da kwano. Amma sa faifai tsakanin gilashi biyu a rana ko a tanda gyaran gangar auzinawa ne. Zafin ba ya bazuwa daidai, bangon tsagi yana narkewa, kuma inda roba ta riga ta miƙe saboda zafi, in ka danne ta ta kwanta sai ta bazu gefe. Faifan ya kwanta a ido, amma tsagin ya daina zama da'ira, allura ta riƙa fizga gefe a wurin.

Kada kuma tambarin giram 180 ya ruɗe ka. Zurfin tsagi a wurin yanka ake ƙayyade shi, ba a kaurin roba ba, kuma faifai mai kauri in an cire shi daga inji bai gama hucewa ba, banƙarewa zai yi kamar kowa.

Mataki na 5: Ja da zamewa

Allura tana jan faranti baya, kuma jan yana ƙaruwa a inda kiɗa ya yi ƙarfi ko tsagi ya yi datti. Na'ura mai moto kai tsaye, marar bel, da makullin kwatz mai riƙe gudu daidai tana gyara wannan nan take. Mai bel da faranti mai nauyi tana haɗiye shi da ƙarfin juyinta. Mai faranti marar nauyi da gajiyayyen bel ita ce ke iya nunawa. Ana yawan muhawara a kai, amma in aka ajiye shi kusa da kaucewar huda, ƙaramin alhaki ne. Abin da ya fi cancantar dubawa shi ne zamewa. Faifan da ya zama kwano a kan shimfiɗa mai santsi yana taɓa ta a ɗan wuri kaɗan, yana iya zamewa. Sa ɗigon fensir a takardar tsakiya daidai da tef ɗin faranti, ka duba bayan fuska ta ƙare ko sun rabu. Haka nan ɓurɓushin roba da ya rage a bakin huda yana hana faifai zama. Kankare shi a hankali da farce.

Mataki na 6: Aibin da ba na gudu ba

Sauran aibobi sauti suke ɓatawa, kuma kowanne da muryarsa. Ƙas sau ɗaya a kowane zagaye karce ne. Ƙarar da ke warwatse ko'ina ƙura ce ko lantarkin gogayya, wanda ke ƙaruwa in iska ta bushe. Ƙara mai kama da yagewar yadi, sau da yawa a sifika ɗaya kuma kusa da farkon fuska, alama ce roba ba ta cika hatimi ba lokacin matsi. A fitila za ka ga ɗige-ɗige masu sheƙi a jere. Wannan daga masana'anta yake, ba ya wankuwa.

Dokar ita ce wanke kafin hukunci. Buroshi mai zaren kabon kafin kowace ɗorawa, wankin tataccen ruwa da ruwan wankin faifai ga mai datti, a bar shi ya bushe sarai. Tsofaffin faifai masu juyi 78 na shelak ne, sinadarin alkohol yana narkar da su, kada ya kusance su. In ka wanke sau biyu ƙarar tana nan a wuri ɗaya da murya ɗaya, ta zauna ke nan.

Sai dagulewar sauti a waƙar ƙarshe, inda harafin "s" ke fashewa. Wani ɓangare nata halitta ce: a waje tsagi yana wucewa da kusan santimita 51 a daƙiƙa, a ciki 21 kacal, don haka an cushe kiɗa iri ɗaya a wurin da bai kai rabi ba. Saita kan allura da takardar saiti, wadda a tsarin saitin da ake kira Baerwald take daidaita shi a milimita 66 da 120.9 daga tsakiya. Allura mai siririn baki ta fi mai dunƙulallen baki bin wannan matsatsi. In ka yi duk wannan dagulewar tana nan a wuraren da kiɗa ya yi ƙarfi, mai yiwuwa wata tsohuwar allura ta riga ta cinye bangon tsagin. Auna nauyin taka da sikeli. Rage nauyi ƙasa da ƙa'ida ba tausayin faifai ba ne, domin allurar da ba ta zauna ba tana karo da bango tana fasa shi. In dagulewar a sifika ɗaya take, duba saitin da ke hana hannu zurmawa ciki: bangon ciki na tsagi shi ne hagu, na waje dama.

Mataki na 7: In kana son adadi

Sa faifan gwaji, ka ɗauki amon 3150 Hz a kwamfuta da manhaja irin Audacity, ko ka duba shi da manhajar waya mai nuna bugun amo. In matsakaicinsa ya zauna a 3180, na'urar ta yi sauri da kusan kashi 1 cikin 100, wannan saitin gudu ne. In yana lilo tsakanin 3144 da 3156 sau ɗaya a daƙiƙa 1.8, sauyin kashi 0.2 ne sama da ƙasa, daidai da kaucewar milimita 0.2 a nisan milimita 100. Faifan gwajin ma daga injin matsi ya fito, don haka daidaita shi a tsakiya kamar yadda aka yi a mataki na 3 kafin ka yarda da abin da ya faɗa a kan na'urarka. Abin da ya rage bayan ka daidaita shi, wannan ne na na'ura.

Mataki na 8: Ajiya da saye

Kaucewar huda da rashin cika hatimi da su ake haifar faifai. Banƙarewa kuwa mafi yawanta a hannun masu shi take samuwa. Jera faifai a tsaye, ba a jingine ba, ba a kife wani kan wani ba, nesa da taga da duk abin da ke fitar da zafi, har da saman amfilifaya. Mota rufaffiya a rana ta isa ta gama da faifai cikin ɗan lokaci. Cire ledar kamfani in ta matse kwali, kuma ka guji rigar PVC mai kauri, domin da daɗewa tana barin hazo a fuskar faifai mai sa shuu.

Wurin saye, fitar da faifan ka riƙe shi a tafin hannu daidai da ido, ka juya shi a hankali don ganin tudu. Karkata shi a haske mai ƙarfi. Tsagin da ya yi fari-fari a inda kiɗa ya yi ƙarfi ya sha tsohuwar allura. Takardar tsakiya da ta karkace ba hujja ba ce a kan tsagi, domin ita daban ake ɗora ta. In akwai na'ura a wurin, roƙi a sa maka waƙar ƙarshe ta kowace fuska, ka tsaya saman kan allurar ka kalli lilonsa.